Zare: Gem ɗin tseren da ba ya tashi sai da intanet, haya ce aka kira ta ciniki

1/ Jama'a ku ba ni aron hankalinku. Duk gem ɗin tseren mota da ba ya buɗewa sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga, ba sayar maka da shi aka yi ba. Haya aka ba ka, aka ɓoye maka ranar da za a zo a karɓe. Daga Gwiwa nake rubutu, kuma zaren nan zai ɗan yi tsawo. 🧵

2/ Kafin wani ya shigo da "ai netwok ɗin ƙauyenku ne matsalar", ya ɗan dakata. Zan zo kan netwok ɗinmu, kuma ba kare shi zan yi ba. Amma bari mu fara da abin da ya samu mutanen Landan da Faris, masu intanet ɗin da ba ya ko tari.

3/ The Crew. Kamfanin Ubisoft na Faransa ne ya fito da shi a Disamba 2014. Sun ɗauki ƙasar Amurka suka taƙaita ta a taswira guda. Ka tashi daga gaɓar tekun gabas ka nufi ta yamma, ka ratsa hamada, ka hau duwatsu, ka shiga birane, babu mai ce maka ga hanyar da za ka bi. Wanda ya buga ya san gem ne mai daɗi, wannan ba gardama.

4/ Sai dai tun ranar farko akwai igiya a wuyansa. Ba ya tashi sai ya gaisa da saba, wato manyan kwamfutocin kamfanin da ke can wata ƙasa. Ko labarin cikin gem ɗin kake bi, kai kaɗai, kana tsere da motocin da kwamfuta ke tuƙawa, sai saba ta ce to.

5/ Ranar 14 ga Disamba 2023 suka cire shi daga kasuwa. Ƙarshen Maris 2024 suka kashe sabar. Shi ke nan. Faifan da mutum ya saya da kuɗinsa, yana nan a kwalinsa ko ƙwarzane babu, ya koma madubin duba fuska. Motocin da ya shekara yana tarawa, duk sun bi ruwa.

6/ Ba su tsaya nan ba. Cikin Afrilu masu bugawa a kwamfuta suka wayi gari an janye musu lasisin gem ɗin daga ma'ajiyarsu, ko sake sauke shi ba za su iya ba. Da wasu mutum biyu suka kai ƙara kotu a Kalifoniya a Nuwamba 2024, amsar lauyoyin kamfanin ita ce dama can ba gem aka sayar musu ba, izinin amfani ne mai iyaka.

7/ Ka ji fa. Ranar biyan kuɗi maɓallin cewa yake "saya". Ranar shari'a kuma ya zama "izini".

8/ Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya ji babin ciniki ya san abu biyu. In sayarwa ce, kaya ya bar hannun mai shi ya zama naka. In haya ce, dole a ambaci wa'adi. Ko mai ba da hayar keke a bakin kasuwa zai ce maka awa ɗaya ce ko biyu. Wannan wace irin haya ce da mai kaya kaɗai ya san ranar ƙarewarta?

9/ Za ka ce tsohon gem ne, shekara kusan goma, ya ci zamaninsa. To zo mu duba sabo. Test Drive Unlimited Solar Crown, na KT Racing da Nacon, ya fito 12 ga Satumba 2024, wata biyar da 'yan kwanaki bayan an binne The Crew. Sun gina tsibirin Hong Kong a ciki daidai girmansa. Shi ma sai da intanet, ko kai kaɗai ne.

10/ Waɗanda suka ƙara kuɗi don su riga kowa shiga da mako guda, da yawansu a bakin ƙofa suka kwana. Saba ta ƙi karɓar su. Wanda ya samu ya shiga, ana cikin tsere a wurgo shi waje. Ra'ayoyin masu saye a Steam suka cika da Allah wadai. Waɗannan fa mutanen Turai da Amurka ne, ba 'yan Korayel ko Buntusu ba.

11/ Abin haushin ma, kakansa Test Drive Unlimited na 2006, mai tsibirin Oahu, yana da tsere da mutane ta intanet, amma in babu intanet ɗin yana tashi lafiya lau. Har yau in ka samu faifansa da na'urar da za ta ɗauka, za ka buga. Jika ya zo bayan shekara 18 ya kasa abin da kaka ya iya.

12/ Gran Turismo 7 ba irin na yawo a buɗaɗɗen gari ba ne, amma ya cancanci a ambace shi. Maris 2022, mako biyu da fitowarsa, aka kulle sabarsa sama da awa 30 saboda wata sabuntawa da ta zo da matsala. Yawancin gem ɗin ya rufe ruf, har da na mai buga shi kaɗai. Sai da shugaban masu yin sa, Kazunori Yamauchi, ya fito ya ba da haƙuri. Wannan na Sony ne da kansa.

13/ Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo.

14/ Akwai abin da 'yan gem ke kira fing: lokacin da saƙo ke ɗauka daga na'urarka ya je saba ya dawo. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mutane suna ɗauka in ka sayi data mai yawa fing zai sauka. Ba haka ba ne. Yawan data daban, nisan tafiya daban.

15/ Mu yi lissafi. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan. Daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ce. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, wato milisakan 80. Bakin Turai kawai ka taɓa fa, ba ka kai Jamus ko Ingila ba.

16/ Kuma ban saka jinkirin da ke tsakanin wayarka da dogon ƙarfen sabis ba, ban saka cunkoson dare ba lokacin da kowa ya hau TikTok. Ni dai a nan, in na ga 150 sai in ce yau an tashi da sa'a. 200 da ɗoriya shi ne abincin kullum.

17/ Mota mai gudun kilomita 300 a awa tana cin mita 83 a sakan guda. A milisakan 200 ta yi kusan mita 17. Tsawon tirela ke nan. Wato motar abokin tserenka da kake gani a gefenka, a zahiri ta riga ta yi gaba da tsawon tirela. Gem ɗin hasashe kawai yake yi na inda take, in ya gane ya yi kuskure sai ya fizge ta ya gyara.

18/ Shi ya sa kake ganin mota ta ɓace ta bayyana a gabanka kamar aljana. Ka sha kwana lafiya, a dawo da kai baya. Ka daki iska motarka ta wuntsila. Ba hannunka ba ne ɗan uwa, ba kuma fad ɗin ne ya lalace ba, kar ka fasa shi a banza.

19/ Wannan ɓangaren na yarda, babu kamfanin da zai ƙara wa haske gudu. In zan yi tsere da ɗan Jamus dole in haƙura da nisa. Tambayata ita ce, me ya kai saba cikin tserena da kwamfuta? Motocin suna cikin na'urata. Titin yana cikin na'urata. Ni ina zaune a ɗakinmu. Don me sai an aika Turai neman izini kafin in taka totur?

20/ Ga kuma wani wulaƙancin da ba a cika magana a kai ba: babu dakatarwa. Need for Speed na 2015 ya yi suna a wannan, kana tsere kai kaɗai amma ba dama ka tsayar, saboda wai duniyar gem ɗin a raye take. Wanda ya tsara wannan bai taɓa jin Umma ta ƙwala masa kira daga tsakar gida ba. Bai san a tada iƙama kana zagaye na ƙarshe ba.

21/ Mun taso da Most Wanted na 2005 a gidajen gem. Jerin mutum 15, Razor a sama, BMW ɗin nan mai ruwan shuɗi da azurfa, 'yan sanda a bayanka. A ɗauke wuta, mai shago ya ja inji, a ɗora daga inda katin ajiya ya tsaya. Ba data, ba asusu, ba kalmar sirri. Shekara 20 ke nan, kuma gobe ma in ka saka zai tashi.

22/ A irin na yanzu ci gabanka ba a na'urarka yake ba, yana wajensu. Tseren minti ashirin, kana gaba, sabis ya yi ƙyaftawar ido ɗaya, a ce maka alaƙa ta yanke. Ba kuɗi, ba maki, koma farko. Ya taɓa faruwa da mu a wani gidan gem ana saura kwana ɗaya a gama, yaron da ke riƙe da fad sai da ya yi ƙwalla. Shi ya biya kuɗin lokacinsa, mai shago ya ƙona fetur da data, kowa ya yi asara.

23/ Kuma a ƙasar nan yankewar intanet ba tatsuniya ba ce. 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa: WACS, ACE, SAT-3 da MainOne. Manhajojin banki suka tsaya, aiki ya tsaya a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Gyara ya ɗauki makonni.

24/ Oktoba 2024 kuma Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wutar da ke kawo mana lantarki sun faɗi. Satumba 2021 an kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, maƙwabtanmu, saboda tsaro. Na san a irin wannan hali gem ne ƙarshen abin da zai dami mutum. Abin da nake nunawa shi ne, intanet a nan ba abu ba ne da za ka rantse gobe yana nan.

25/ Wuta muna da dabararta. Akwai sola, akwai inji, akwai batir. Mai gidan gem zai iya sayen wutarsa ya ajiye. Amma ba zai iya sayen saba ya ajiye a bayan shago ba. Gem mai tashi ba intanet, matsala ɗaya gare ka. Mai neman intanet, uku ne: wuta, sabis, da lafiyar wata kwamfuta da ba ka taɓa gani ba.

26/ Kuɗin fa? Sabon babban gem dala 60 zuwa 70 ne. In dala tana naira 1,500, dala 70 ta kama naira 105,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashin wata ɗaya da rabi a kan abin da za a iya kashe maka da sanarwar wata uku.

27/ Ga data. Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Irin waɗannan gem ɗin wani ya haura giga 100 kafin ma ka fara. Kuma mai neman intanet ba ya barin ka ka ce sabuntawa ta jira sai wata ya mutu an yi albashi. Ko ka sauke yau, ko ƙofa a rufe.

28/ Abin dariya mai kama da kuka: Najeriya ba ta ma cikin jerin ƙasashen da za ka zaɓa in kana buɗe asusun PlayStation. Shi ya sa kowa a nan ɗan Amurka ne ko ɗan Ingila a takarda, ana sayen katin kuɗi a hannun 'yan tsakiya da ƙarin riba. Kuɗinmu yana isa gare su, sunan ƙasarmu ne bai isa ba. Ranar da aka cuce ka, a matsayin wa za ka yi ƙorafi?

29/ Yanzu hujjojinsu. Ta farko, wai riƙe saba yana cin kuɗi, kuma lasisin motoci yana ƙarewa. Gaskiya ne. Kamfanonin mota ba kyauta suke ba da sunansu ba, yarjejeniya ce mai wa'adi. Babu wanda ya ce a riƙe saba har tashin duniya. Cewa muka yi in za ku tafi ku bar mana makulli.

30/ Kuma an yi hakan. Forza Horizon 4 an cire shi daga kasuwa 15 ga Disamba 2024 saboda lasisi, amma wanda ya riga ya saya yana nan yana bugawa. Gran Turismo Sport an kashe sabarsa a Janairun 2024, aka gyara shi yadda zai ci gaba da aiki ba intanet. Burnout Paradise na 2008 an rufe masa saba a 2019, garin yana nan a buɗe.

31/ Forza Horizon 5 ma, na Meksiko, da ya fito a Nuwamba 2021, ya zo da tasa rigimar. Ayarin abokai yana watsewa, motocin mutane suna ɓacewa daga titi, masu kwamfuta suna kukan yana rufe kansa. An zage su, kuma sun cancanta. Amma in saba ta ƙi, sai ya mayar da kai tuƙin kaɗaici ka ci gaba da harkarka. Bambancin ke nan tsakanin gem mai ciwo da gem mai kwaɗo a ƙofa.

32/ Hujja ta biyu, wai don hana maguɗi. To a hana a inda ake gasa da mutane, ina goyon baya. Amma in yaro a Roni ya ba kansa Lamborghini goma a cikin na'urarsa, shi kaɗai, wa ya cuta? Ni dai abin da nake zargi shi ne, in ajiyarka tana hannunsu, sun fi samun damar sayar maka da kuɗin cikin gem da kuɗin gaske. Ra'ayina ne, kowa ya auna.

33/ Hujja ta uku, wai a fasahance ba zai yiwu ba, haka aka gina shi. Wannan ita ta fi ba ni dariya. Bayan surutu ya yi yawa, a Satumba 2024 Ubisoft da bakinsu suka yi alƙawarin The Crew 2 da Motorfest za su samu hanyar bugawa ba intanet, kuma ta The Crew 2 ta iso a Oktoba 2025. Shi kuwa na farkon da suka binne, wasu masoyansa ne suka zauna a kyauta suka rubuta sabar wucin gadi suka tashe shi a kwamfuta. Abin da 'yan sa kai suka iya, kamfani mai dubban ma'aikata ne zai kasa?

34/ Surutun kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Wani ɗan YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games a Afrilun 2024 saboda The Crew. Zuwa Yulin 2025 takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1. Kalifoniya kuma ta yi doka, ta fara aiki a 2025, mai tilasta wa shagunan intanet su faɗa ƙarara in lasisi suke ba ka, su daina fakewa da kalmar saye.

35/ Mu kuma a nan me muke yi? Muna zagin juna a ƙarƙashin rubutu. Ka yi ƙorafi a ce "oga sayi Starlink mana", "talauci ne ke damunka". Malam, mai Starlink ma ranar da aka kashe The Crew baƙin allo ya gani kamar kowa. Kana kare kamfanin da bai san da zamanka ba, kana yi wa ɗan unguwarku dariya. Haba.

36/ Masu cewa "gem ne kawai, ana fama da tsadar abinci", na ji ku. Amma gidan gem sana'a ce. Akwai matasa daga nan har Kazaure da Babura da suka haɗa jari suka sayi talabijin biyu da na'ura, da ita suke cin abinci. Faifai ɗaya matacce a wajensu cinikin kwanaki ne. Kuma dabarar nan ta "ka biya amma makulli yana hannunmu" ba a gem za ta tsaya ba, tana nan tana shiga littattafai da manhajoji da finafinai.

37/ Ku kuma ɗaliban kwamfuta na makarantar Informatics da ta Hussaini Adamu a Kazaure, ku ne za ku rubuta mana manhajoji nan gaba. Don Allah kar ku kwaikwayi wannan ɗabi'ar. Ku gina abin da zai yi aiki a garin da sabis ke zuwa yana tafiya. Ya ajiye a waya, in netwok ya dawo ya tura. Kun fi kowa sanin inda kuka fito.

38/ In za ka sayi faifan tsere, musamman na hannu a Kano, juya bayan kwalin ka karanta ƙananan rubutun. In an ce sai da intanet, ajiye. Abin da ya fi, ka ce mai shago ya saka maka a na'urar da aka cire wa intanet, ka ga ka shiga mota ka yi tsere ɗaya har ƙarshe. In ya ƙi tashi a gabansa, a gida ma ba zai tashi ba.

39/ Faifan The Crew na farko kuwa, na PS4 ne ko na Xbox, ko kyauta aka ba ka kar ka ɓata wuri. Ba lallai mai sayarwa ya san ya mutu ba, shi ma cikin dila ya same shi. Ka gaya masa cikin mutunci ya sauke shi daga kanta.

40/ Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Ita ce ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, don haka kar wani ya ce min ba ta iya taɓa kamfanin waje. Buƙatar ƙarama ce: duk gem ɗin da ake sayarwa a Najeriya wanda ba ya aiki sai da saba, a rubuta a fili, a kuma rubuta mafi ƙarancin lokacin da aka lamunce zai yi aiki.

41/ Wanda ke da faifan tsere da ya daina tashi saboda an kashe masa saba, ya ɗauki hotonsa ya saka a ƙasa, ya rubuta garinsu da nawa ya saya. Masu gidajen gem ku ma ku shigo. In mun taru da yawa zan haɗa hotunan wuri guda mu rubuta wa FCCPC takarda da Hausa da Turanci.